Ƙwaya Biyu a Gindin Ƙwarya

Ruwan bana ya ci fadamar Kaoje tun ba a kai ga sa lauje ba. Ni ban je na gani ba, ƙafa ba ta kai ni ko'ina yanzu. Ina zaune a Bagudo, gidan 'yata Rakiya, ina jin labarin daga bakin masu shigowa, kuma idan iska ta juyo warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa yakan iso har tsakar gida. Sunana Kulu. Ban iya rubuta ko sunana ba. Ni ke faɗa, Rakiya ke bugawa a kwamfuta. Na ce da ita duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda ya fito, domin akwai abin da na ɓoye mata game da rasuwar ubanta tun tana goye. Ita ke riƙe da ni yau, ita ke ci da ni, kuma ban san da wane ido za ta dube ni ba idan ta ji.

Aikinta ne ya tayar da maganar. Tana aiki a wani ofis da ke tattara sunayen manoman da ruwa ya ci gonakinsu. Kwana uku tana dawowa gida da kwamfutar ofis, ta zauna a inuwar ɗaki tana tsaki.

Na ce, "Auta, da wa kike faɗa?"

Ta ce, "Da wannan tsohuwar, Inna. Ta fi ki rigima."

"Mi ta yi miki?"

Ta ce an haɗa sunayen garuruwa masu yawa, na bana da na shekarun baya, a wuri ɗaya da suke kira fayil. Kowane layi gona ɗaya ce da sunan mai ita. Ana so ta faɗi layi nawa ne kafin Litinin. Amma da ta ce a buɗe, sai kwamfutar ta nemi ta haɗiye shi gaba ɗaya, ƙwaƙwalwarta ta cika, ta sandare, sai an kashe ta an sake kunnawa.

Na ce, "To ki riƙa ba ta loma-loma mana, kamar mai ciwon haƙori."

Ta yi dariya ta ce haka ɗin za ta yi. Ta rubuta mata umarni: ɗauki layi ɗaya, ƙara ɗaya a lissafi, sake shi, ɗauki na gaba. Kada ta riƙe suna ko ɗaya, adadin kawai za ta riƙe. Na tambaye ta yadda kwamfutar ke gane layi ya ƙare. Ta ce akwai wata alama a ƙarshen kowane layi wadda ido ba ya gani, ita ake ƙirgawa. Kafin ruwan tuwo ya tafasa an gama. Ta rubuta adadin a takarda, sannan ta ce, "Tsaya, saura in waiwaya." Wai layin ƙarshe wani lokaci ba ya da alamar a bayansa. Yana nan da sunan mutum a kai, amma lissafi ya wuce shi. Ta duba, haka kuwa aka yi. Ta ce, "Kin ga wannan bawan Allah mutumin Zagga, da an bar shi a baya." Ta ƙara ɗaya.

Ina riƙe da muciya a lokacin. Na ajiye ta na yi ta kuka, har jikokina suka taru a kaina. Washegari na ce ta kawo kwamfutar ta zauna.

A shekarar da nake magana muna zaune a wata tunga a tsakiyar fadama, gida goma sha ɗaya a kan ɗan tudu. Malam, uban Rakiya, manomin shinkafa ne, kuma shi ke da babban jirgi a tungar. Muna da 'ya'ya maza biyu, Rakiya tana ciki.

Bazarar ta yi tsawo. Zafi ya kai idan ka taka ƙasa da hantsi sai ka ɗaga ƙafa, randa ma ruwanta ɗumi gare shi. Hadari yakan haɗu da la'asar, mu kwashe shanya, iska ta watsa shi. An yi shuka sau biyu. Ta farko ta tsiro ta ƙone, ta biyu kuma da irin da aka tara gida-gida aka yi ta. Kafin damina ta zauna sosai rumbunmu ya kai sai an shiga ciki an share gindinsa da tafin hannu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunun tsamiya ne, tsararo, ana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana a dafa tafasa ko rama a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli.

A cikin haka na haihu. Matan tunga suka raba aikina a tsakaninsu. Wannan ta ɗebo ruwan wankan jego, waccan ta kawo itace, wata ta ɗauke mini daka. Babu wadda ke da abin bayarwa sai hannunta.

Da ruwa ya sauka kuwa, ya sauka ba hutu. Ciyawa ta taso tare da shinkafa, aka shiga gayya. Yau gonar wane, gobe ta wane. Maza suna cikin ruwa har gwiwa tun fitowar rana, mu mata mu kai musu kunu a bakin kunya. Sukan fito da matsattsaku a ƙwauri, a sa toka a cire. Da yamma mu ƙona busasshen kashin shanu a ƙofar ɗaki saboda sauro, hayaƙin ya kama tufafi, ya kama abinci. Amma shinkafar ta yi kyau. Ta fitar da kai, ta fara sunkuyawa. Mukan tsaya mu kalle ta da yunwa a cikinmu muna cewa saura sati uku, saura sati biyu.

Malam yana da wata sanda da ya kafa a bakin gulbi, ya yi mata tsage-tsage da wuƙa. Kullum bayan sallar asuba yakan je ya duba. Yanzu ana sanar da mutane a waya da rediyo cewa ruwa na zuwa. Mu sandar nan ce rediyonmu. Wata safiya ya dawo ya zauna bai taɓa kunu ba. Washegari ya ce ruwa ya ci tsaga uku. Sama garau take, rana tana dukan mutane. Ruwan da ya ci mu ba a kanmu ya zubo ba, daga can saman gulbi ya gangaro, ja wur, da itatuwa da mushen dabbobi a cikinsa.

Kwana biyu maza suna shiga gona da jirgi, suna zura hannu cikin ruwa suna yanko kan shinkafa, ɗanye, in ka matsa ƙwayar sai farin ruwa ya fito. A rana ta uku ruwa ya shigo madafa ya kashe murhu. Mai unguwarmu, Baba Gado, ya tara mutane ya ce a tashi.

Jirgi ɗaya ne, mutum goma yake ɗauka idan sun zauna lafiya. Baba Gado ya ce a ruɗanin nan za a iya barin wani a baya ba a sani ba. Ya sa aka kawo ƙwarya da 'ya'yan tsamiya, waɗanda dama kowane gida akwai su saboda kunu. Kowane mai gida ya zo ya jefa ƙwaya ɗaya a kan kowane rai na gidansa, har da jariri. Wani mutum, Bawa, mai 'ya'ya da yawa, ya daɗe a tsugune yana jefawa.

Wani ya ce, "Bawa, ka bar mana na kunu!"

Bawa ya ce, "Mai ciki fa, Baba, biyu za a sa mata?"

Baba Gado ya ce, "Wanda bai fito ba, uwarsa ce jirginsa."

Aka yi dariya, ruwa yana wanke mana idon sawu.

Malam ne ya ce a ba ni ƙwaryar. Ina da goyo, dole a sahun farko zan tafi, kuma wai ni ko ƙwan zabi ba ya ɓace mini. Ya ce, "Kulu, ki zauna a gaɓa. Duk wanda ya taka ƙasa ki fidda ƙwaya ki jefa gulbi. Kada ki ce za ki riƙe suna, kanki ba zai ɗauka ba. Ƙwarya ta riƙe miki. In ta ƙare, mun ƙare."

Muka ƙetare da hantsi. Na sauka, na jefa tawa, na jefa ta yarana biyu, na jefa ta sauran da muka zo tare. Na zauna a gindin wata ɗorawa da ƙwaryar a cinya. Mutanen tudu sun ji labari sun zo da jakuna da amalanke, duk wanda ya sauka sai a ɗauke shi a yi cikin Kaoje da shi, a raba su gidaje. Yarana ma sun bi wata ƙanwar Malam.

Na yi aikin da kyau, Allah ya sani. Mace mai goyo, ƙwaya biyu nake jefa mata. Akwai wadda ta rufe jaririnta da kwano saboda rana, na ce, "Ke Hajo, juyo in ga bayanki." Na gani, na jefa biyu. Ba na duban fuska sosai, ƙafa nake duba da baya. Mutum ya wuce, ƙwaya ta tafi, na manta da shi, na jira na gaba.

A sahu na huɗu na ji ana dariya tun daga tsakiyar ruwa. Wata ce ta nace sai an ɗauko turminta. Malam ya ce mata ko turmi ya hau ko mijinta, ta zaɓi ɗaya. Ta ce a ɗauko turmin, ya fi shi aiki.

Da azahar na dama wa Malam 'yar furar da wata mata ta ba ni. A tsaye cikin jirgi ya sha. Tafin hannunsa ya saɓule saboda gora, ya naɗe shi da tsumma. Gora biyu ya fito da su, ɗaya ta karye a sahu na biyar.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya kawo sahun ƙarshe, Baba Gado da sauran maza. Suka sauka, na jefa. Na duba ƙwarya. Ƙwaya biyu.

Malam yana tsaye a jirgi bai sauko ba. Ya ce, "Ɗaya tawa ce. Ɗayar fa?"

Baba Gado ya ce shi ya zagaya tunga yana kira, babu wanda ya amsa. Wataƙila wani ne ya jefa fiye da kima.

Malam ya ce, "Ko kuma akwai wanda bai ji kiran ba. Kulu, Tumba ta wuce?"

Tumba wata tsohuwa ce kurma, ɗakinta yana can ƙarshen tunga. Na nemi fuskarta a kaina ban samu ba. Na ce ban sani ba. Daga baya na ji a sahu na uku ta zo, a naɗe cikin bargo, aka ɗora ta a amalanke. Waɗanda suka san haka duk sun riga sun shiga gari. Kafin a aika Kaoje a dawo rana ta faɗi, ruwa kuwa yana hawa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wani ya ce zai raka shi, Malam ya ce gora ɗaya ce, kuma jirgi ba kowa ya fi sauri.

Ya ce da ni, "Riƙe tawa, yanzu zan dawo."

Ya tura jirgi.

Ya kai tsakiyar gulbi lokacin da Rakiya ta farka ta yi kuka. Na kwance majanyi, na juyo da ita gaba zan ba ta nono. Na dube ta, na dubi ƙwaryar.

Goyon kowa na gani, domin a gabana suka wuce. Nawa yana bayana tun safe. Ban jefa mata ba.

Auta, kada ki tsaya. Rubuta.

Na miƙe da ita a hannu na shiga ruwa har cinya ina ihu. Iska ta riga ta taso, tana mayar mini da muryata. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, ranar na kira shi da sunansa har makogwarona ya dushe. Maza suka janyo ni, suna cewa tsoro ne ya taɓa mini kai. Ina ganinsa ƙarami can, yana sunkuyawa yana miƙewa a kan gora, har ruwan sama ya rufe tsakaninmu.

Da safe aka ga jirgin a kife, ya sarƙe a reshen wata bishiya. Shi kuma sai bayan kwana biyu masunta Sarkawa suka tsince shi can ƙasa. A bakin gulbi aka yi masa sutura, domin ba a iya ɗaukarsa zuwa gari. Ƙwayar Rakiya na jefa ta a ruwa ba wanda ya gani. Tasa na ɗaure a bakin zane, ta ɓace mini a cikin shekarar, ban san inda ta faɗi ba.

Da aka tara mutanen tunga aka ga babu wanda ya ɓace, sai aka nemi wanda ya jefa ƙwaya fiye da kima. Magana ta faɗa kan Bawa, mai 'ya'ya da yawa, wanda ya tsaya yana wasa. Ya rantse ya ƙirga daidai, ba a yarda ba. Ba wanda ya zage shi a fuska, amma an daina ba shi amanar ko da awon iri. Ina ji na yi shiru. Ina takaba yakan aiko matarsa da kifi, ina karɓa.

A ɗakin wata Bafullatana, Dije, na yi takaba a Kaoje, ni da yara uku. Shinkafar da aka yanko ɗanya ta yi tsami a buhu, wata ta tsiro. Muka shanya ta a tabarma, muka daka, muka ci da warinta. Da ta ƙare aka koma bado. Mata sukan shiga tafki tun da safe su tsinko, a shanya, a sussuke, a yi tuwonsa. Yana cika ciki amma ba ya zama, kafin la'asar yara sun fara bin bango. Ƙanen Malam ya taka har Dole Kaina ya ɗauko garin rogo a kai. Mukan jiƙa ludayi biyu a ruwa mai yawa, mu jira ya kumbura, mu ce ya yi yawa. Nonona ya ƙafe. Dije ce ke ɗibar madarar saniyarta kafin ta kai kasuwa, tana ɗura wa Rakiya da ƙaramin ludayi. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, sai dai ta ce, "Kawo 'yata."

Da ruwa ya janye aka koma tunga. Katangu sun narke, laka ta cika ɗakuna, kifi ya bushe a madafa. Aka yi gayyar gini, gida bayan gida, aka fara da nawa. Bawa yana cikin masu kwaɓa ƙasa. A danshin da ruwa ya bari muka dasa dankali, shi ya kai mu wata damina. Na sake aure bayan shekaru, shi ma mijin ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Bawa ma ya daɗe da rasuwa.

Bana an ce da jirage masu inji aka kwashe mutane, kowa da rigar ruwa, ana rubuta suna tun daga gaɓa. Shinkafar dai ta tafi, kamar tamu.

A nan muka tsaya jiya. Rakiya ta rufe kwamfutar, ta fita ta kwashe shanya, ta haɗa har da tsumman da ba a wanke ba. Ta kawo mini tuwo ta ajiye, ba ta zauna ba. Ban iya ci ba. Na fara tunanin ko in aika wa ɗana na Kaoje ya zo ya ɗauke ni.

Yau da safe bayan yara sun tafi makaranta ta zo ta zauna a tabarmata.

Ta ce, "Inna, na nemi haushinki a kan ƙwayar nan, ban samu ba. Mace da jego, da yunwa, tun hantsi a rana. Ni da kwamfuta ma sai da na waiwaya."

Na fara kuka. Ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Na Bawa ne na kasa haɗiyewa. 'Ya'yansa suna nan da rai. In hanya ta bushe zan nemi mota, mu je, ki faɗa musu da bakinki."

Na ce, "Awo. Zan je."

Ta kama jan zaren tabarma. Can ta ce, "Shi ya sa ba ki taɓa ba ni labarinsa ba?"

Na ce shi ya sa.

Ta ce, "Duk lokacin da na tambaye ki sai ki tashi ki kama wani aiki. Ni na ɗauka mugu ne, Inna. Na ɗauka dukanki yake yi. Ko addu'a nake masa, da rabin zuciya nake yi."

Wannan ban san na yi shi ba. Shekara arba'in da wani abu ina ganin kaina kawai nake ɓoyewa.

Na kama hannunta na ce, "Wa? Malam? Mutumin da in zai yanka kaza sai ya kawar da kai?"

Ta ce, "Dogo ne?"

Na ce gajere ne, baƙi, mai wushirya. Ba ya iya jiran tuwo ya huce, kullum sai ya ƙona harshe ya ce laifina ne. Idan yana tuƙi yakan yi waƙa da muguwar murya har masunta su ce yana korar musu kifi. Ranar sunanta, da yake ba rago, ya yini a gulbi ya dawo da giwan ruwa a kafaɗa yana cewa 'yarsa ba za ta zo duniya a ce ba a ci komai ba.

Rakiya ta jawo kwamfutar ta buɗe, tana share ido da bakin mayafi.

Ta ce, "A hankali, Inna. Wace waƙa yake yi?"